«Babu reso»: kafin a aika kiran mai gyara

A birorin gwamnati da shagunan manyan ƴan kasuwa, tun daga Yamai har Damagaram, akwai wata magana mai kalma biyu da ke tsaida aikin yini guda cur, wato «babu reso». Da sakatare ya furta ta sai kowa ya naɗe hannu. Mai jiran takardar duwan ya koma bisa benci, motar kayansa na tsaye a Ɗan Isa, kuɗɗin abincin direba da yaran mota suna ta hauhawa. Daga nan a shiga tsine ma kamfanin talho, ko a tashi yaro ya ɗauko mai gyara a ba shi ƴan jikkuna, alhali sau da dama waya ce kurum ta zare a bayan tebur.

Maganar ga daidai take da mutum ya je wurin likita ya ce «ba ni lafiya», ya ja bakinsa ya yi shiru. Tsakanin kwamfutar da ke gabanka da wurin da kake nema a intanet akwai zango-zango: na'urar ita kanta, da waya ko wifi da ke haɗa ta da akwatin modem, da layin kamfani, sannan manyan wayoyin da ke fita ƙasar zuwa bakin teku. Kowane zango yana iya katsewa, kuma kowane da mai alhakinsa. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, duk kwamfuta mai Windows tana ɗauke da kayan binciken inda aka katse, kyauta.

A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta cmd, a buga Entrée. Wata baƙar taga za ta buɗe, wadda faransanci ke kira Invite de commandes. Baƙinta ya sa wasu na tsoronta, amma tambaya ba ta ɓata komi.

Tambaya ta farko ita ce ipconfig. Layi biyu ne abin dubawa cikin amsar: Adresse IPv4, wato lambar gidan kwamfutarka, da Passerelle par défaut, wato lambar akwatin modem, ƙofar da kowane saƙo ke fita ta cikinta. A ƙananan birori lambar gida yawanci da 192.168 take farawa. Amma in ka ga ta fara da 169.254, to ka kama ɓarawonka tun a zaure: kwamfuta ta roƙi modem ya ba ta lamba, ba wanda ya tanka, sai ta laƙa ma kanta wata wadda ba ta fita ko'ina. Haka in ta ce Média déconnecté. Wanga ciwo cikin ɗakinka yake, babu ruwan kamfani. A duba waya, a duba ko modem na da kuran, a kashe shi a kunna, sannan a rubuta ipconfig /release, a bi shi da ipconfig /renew domin sake roƙon lamba.

In lambar gida ta yi daidai, sai a koma ga ping. Wani ba'amurke mai suna Mike Muuss ya rubuta shi a watan Disamba na 1983, ya sa mishi sunan ƙarar da jirgin ƙarƙashin ruwa ke saki yana sauraren dawowarta. Mu dai sallama za mu ce: kwamfuta ta yi sallama sau huɗu a ƙofar da ka nuna mata, ta ƙirga sau nawa aka amsa, da tsawon lokacin da amsar ta ɗauka. Ka fara da ƙofar gidanka, misali ping 192.168.1.1 in ita ce ipconfig ya nuna. Idan ka ga Réponse de har sau huɗu, tsakaninka da modem lafiya lau. Sai ka yi sallama nesa: ping 8.8.8.8, wata lamba ta kamfanin Google da aka buɗe ma kowa tun 2009, mai sauƙin riƙewa. In modem ya amsa amma na nesa ya yi gum, aka rubuto maka Délai d'attente de la demande dépassé, to matsala ta wuce bangon biro. Sai dai kafin ka ɗauki talho da faɗa, duba ko kuɗɗin layin ne suka ƙare. Na ga biron da aka yini ana zagin kamfani, ashe ba a biya na wata ba.

Ƙarshen amsar ping ya cancanci a tsaya kansa, domin shi ke bayyana reson nan mai «zuwa yana tafiya». Wurin da aka rubuta perte ana faɗin kashi nawa cikin ɗari na sallamar suka ɓace a hanya. Sallama huɗu ba su isa shaida ba. A rubuta ping -n 50 8.8.8.8 domin a yi hamsin. In suna zubewa tun tsakaninka da modem, wifi ne ya yi nisa ko waya ta lalace. In sai a waje suke zubewa, layin kamfani ne. Shi kuwa lokaci, wanda ake aunawa da ms, wato ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, sai an san irin layin kafin a yanke mishi hukunci. Biron da ke aiki da tauraron ɗan adam irin mai tsayuwa wuri guda, kimanin kilomita 36.000 bisa ƙasa, saƙonsa hawa biyu da sauka biyu yake yi kafin amsa ta dawo. In ya ga 600 ms ba lalacewa ba ce, nisa ne, kuma babu mai gyaran da zai rage shi.

Akwai wani ciwo mai rikita mutane: 8.8.8.8 na amsawa sarai, amma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa. Dalili shi ne na'urori lamba suka sani, ba suna ba. Duk sunan da ka rubuta sai an kai shi wurin wani mai littafi da ake kira DNS ya maida shi lamba, tamkar ka san sunan Alhaji amma lambar talhonsa na hannun yaron shago. In yaron ya yi barci, ciniki ya tsaya ko da hanya buɗe take. A rubuta nslookup google.com, in bai kawo lamba ba, a sake da nslookup google.com 8.8.8.8, wato a tambayi wani mai littafin dabam. In na biyun ya amsa, an gane mai laifi. Wani lokaci ipconfig /flushdns, mai share tsofaffin lambobin da kwamfuta ta haddace, ya wadatar. Ɗan kasuwa na iya canza mai littafinsa yadda ya so. Ma'aikacin gwamnati kuwa ina ba shi shawara ya tsaya ga tambaya, ya kai rahoto ga masu kula da na'urorin ma'aikata, sabili da akwai injunan cikin gida waɗanda littafin ma'aikata kaɗai ya san lambarsu. In ya canza, zai sami Facebook ya rasa wurin aikinsa.

Saura tracert, ɗan'uwan traceroute wanda Van Jacobson ya ƙirƙiro a 1987. Shi zango-zango yake lissafawa, har talatin, kamar direban da ya taso daga Yamai yana buga maka waya a Doso, a Dogon Dutsi, a Ƙwanni, a Madawa: in ka daina jinsa bayan Ƙwanni, ka san inda za ka aika neman mota. A rubuta tracert 8.8.8.8. Layi na farko modem ɗinka ne, ƴan na bayansa na kamfani ne, sauran na ƙasashen waje. Taurari uku a layi guda ba abin tsoro ba ne in na gaba ya amsa, domin wasu injuna ba su amsa sallama da gangan. In taurarin suka jeru har ƙasa, nan ne ya kamata a fara tuhuma. Nijar ba ta da teku, ta cikin maƙwabta wayoyinta ke isa gaɓa, saboda haka ɓarna mai nisa na iya iske mu har gida. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace daura da Kodebuwa, intanet ta raunana a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. A irin wannan rana, wanda ya biya mai gyara ya yi sadaka ne kurum.

Duk binciken ga bai wuce minti goma ba. Wanda ya gama shi ya ɗauki hoton baƙar tagar da talhonsa, ko ya rubuta tracert 8.8.8.8 > bincike.txt domin amsar ta zauna cikin takarda. In ya kira kamfani sai ya ce: modem na amsawa, kuɗɗina ba su ƙare ba, sallama ashirin cikin hamsin sun ɓace tun ƙarfe tara, kuma hanya na tsayawa a zango na uku. Ya nemi lambar ƙorafinsa, ya rubuta ta tare da ranar da lokacin.