Me Ya Sa Maganin Tarin Fuka Ke Ɗaukar Wata Shida?

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu mun san wani a Gusau ko Tsafe ko Bungudu da aka ɗora a kan maganin tarin fuka, wato tarin tibi. A asibitocin gwamnati kyauta ake ba da shi, amma sai an yi wata 6 ana sha kullum. Ga abin da ke faruwa a cikin jiki.

Ƙwayar bakteriya ce ke kawo wannan tari. Wani likita ɗan Jamus, Robert Koch, ya gano ta a 1882. Tana da kundin umarni a cikinta, ana ce masa DNA. Duk abin da za ta haɗa don ta rayu, sai an fara kwafo umarninsa daga kundin. Mu ɗauka kamar yadda malami ke ba monita littafi ya rubuta mana darasi a allo. Idan aka riƙe hannun monita, littafin yana nan, amma ba wanda zai samu darasin. To, haka maganin rifamfisin yake yi. Yakan manne wa sinadarin da ke kwafar, ya toshe masa hanya. Saƙo ba ya fita, aiki ya tsaya, ƙwayar ta mutu. Shi ne kuma yake sa fitsari ya yi ja, kada a tsorata.

Sauran magunguna kowanne da inda yake kai hari. Fenisilin yana hana bakteriya gina katangar jikinta har ta fashe. Kafson tetarasaikilin kuwa yana tsayar da wurin da take haɗa furotin. Ƙwayar mura ba bakteriya ba ce, shi ya sa kafso ba ya maganinta.

Ƙwayar tarin fuka ba ta saurin girma, wasu ma kamar barci suke yi. Don haka ake shan magani iri 4 na wata 2, sannan iri 2 na wata 4. Wanda ya ji sauƙi ya daina, ya kashe maciji bai sare kansa ba. Waɗanda suka rage za su iya zama masu bijire wa magani, kuma su zai yi ta yaɗa wa mutanen gida.

Idan muna da mai shan maganin a gida, mu riƙa tuna masa kowace safiya. Wanda tarinsa ya kai mako 2, a kai shi asibiti a gwada majinarsa.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare