Toshe wa abinci iska: Dabarar da ke ceton wake a Dogon Dutsi da Tibiri

A gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Dosso, wake shi ne kuɗin manomi. Gero na ci ne, wake kuwa da shi ake aurar da ɗiya, a biya bashi, a sayi tunkiya. Daga Matankari zuwa Geceme, mata na sarrafa shi su yi beruwa, abincin da Arawa suka yi suna da shi har a Yamai.

Sai dai wake yana da babban maƙiyi. Ƙwaron wake na saka ƙwai tun a gona, tsutsarsa ta shige cikin ƙwaya tana ci. Cikin 'yan watanni buhu ya koma huji da gari. Tsoron haka ne ke sa manomi ya sayar da kaka, lokacin da farashi ya faɗi, ya dawo da bazara yana saye da tsada.

Wasu kan zuba maganin ƙwari, abin da ke da haɗari ga mai ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan gubar dichlorvos, wadda aka fi sani da fiya-fiya.

Mafitar da ta yi tasiri ba ta buƙatar magani ko lantarki. Ita ce buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Farfesa Larry Murdock na jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsa suka faro binciken a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980. A 2007 aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates. A Nijar, masu bincike na INRAN a Maradi, cikinsu har da Dakta Ibrahim Baoua, sun gwada shi, yayin da kamfanin Lela Agro na Kano ke ƙera shi.

Yadda yake aiki ba wuya. Ana zuba wake, a matse iskar da ta rage, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar oksijin, daga nan su daina ci da haihuwa, su bushe su mutu. Jarka ko duro mai murfi da ke rufuwa gam na yin irin wannan aiki idan an cika shi har baki.

'Yan birni da mazauna ƙetare sun fi sanin ƙaramar na'urar da ke zuƙe iska daga leda ta liƙe bakinta. Da ita ake shirya kilishi, yaji da beruwa don tafiya mai nisa. Tushen dabarar ɗaya ne, haka ma sharaɗinta: sai abin ya bushe ƙayau. Waken da ke da sauran laima zai yi fumfuna ko ya ruɓe.

Ga nama ɗanye, kifi ko dafaffen abinci, cire iska ba ya maye gurbin firji. Ƙwayar cutar da ke haddasa gubar botulizim ta fi son wurin da babu iska, kuma gubar na iya kisa ba tare da abincin ya yi wari ba. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, shanya ta fi aminci.

Mai son ajiyar ta daɗe ya duba ledar kafin ya zuba, domin huji ɗaya na ɓata aikin. Ya ɗora buhun kan katako nesa da bango saboda ɓeraye, ya kuma ware na ci daban don kada ya riƙa buɗewa. Wanda ke aika kuɗi gida kuwa, ya tuna da buhun tun kafin a fara roron wake a watan Oktoba.