Farin shafen cikin ƙwan lantarki da cinikin dare

Duk wanda ya saba tasowa daga Sarkin Yamma ya shigo Maradi bayan magariba a shekarun baya, zai tuna da fitilun titi masu hasken ruwan ɗorawa. A ƙarƙashinsu jan tumatur kan koma kamar ya kwana, shuɗiyar atamfa ta zama baƙa. Mai saye ya kai gida, gari ya waye, ya dawo yana cewa ba ita ya zaɓa ba. To jama'a, laifin ba na mai kaya ba ne, na fitila ne.

Waɗannan manyan fitilu ba su da zaren waya irin na ƙwan gida na da. A cikinsu akwai ɗan bututu da aka matse tururin ƙarfe, wuta ta ratsa shi ya yi haske. Akwai na zaiba, akwai na sodiyam, wanda kamfanin General Electric na Amurka ya fito da shi wajen 1965. Na sodiyam kan ba da haske kusan ninkin na zaiba da wuta iri ɗaya, amma shi ne mai ɓata kalar kaya.

Na zaiba kuwa, wani kaso na wutar da yake ci kan fita a matsayin hasken da ido ba ya gani, wato kuɗi ne ke zuba a banza. Dabarar masana ita ce shafa wani farin gari a cikin gilashin waje. Garin kan kama wannan ɓoyayyen haske ya mai da shi ja-ja, sai fuskar mutum da kalar kaya su fito da kyau ba tare da an ƙara ko dala a kuɗin wuta ba. Akwai kuma wani shafe marar kauri da ake yi wa wasu fitilu, mai mayar da zafi ciki don kada ya tsere.

Me ya haɗa mai tuwo-tuwo ko mai tebur da wannan zance? Kowa ya tuna Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da NIGELEC ke saye, ba ta dawo ba sai Maris 2024. A watannin nan kowa ya koma ga injin wuta, batir da faifan rana, kuma kowa ya gane cewa ƙwan da ke cin wuta da yawa cin jari yake. Ƙwan zare na da, fiye da kashi 90 cikin 100 na wutarsa zafi ne.

Yau LED ya mamaye kasuwa, kuma shi ma shafe ne sirrinsa. Asalin haskensa shuɗi ne, ƙirƙirar wasu Japanawa 3 da suka sami kyautar Nobel a 2014. Ɗigon rawayan nan da kuke gani cikin tocila shi ke mai da shi fari. LED mai wat 9 kan yi aikin tsohon ƙwai mai wat 60.

Sai dai araha ba ta ado. In za ku saya, ku duba kwali. Adadin lumen shi ne yawan haske. In an rubuta 3000K hasken ja-ja ne, 6500K kuma fari fat mai ɗan shuɗi. Masu atamfa da masu nama su nemi mai lamba Ra 80 ko sama. Wadda ba ta karatu ta tafi da tumatur ko ƙyalle, a kunna mata ta gani, tunda ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

A ƙarshe muna jan kunne: zaiba guba ce, shi ya sa yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa a daina ƙera manyan fitilun zaiba daga 2020. In tsohuwar fitila ko dogon ƙwai ya fashe a rumfa, a rufe abinci, a janye yara, kada a kwashe da hannu. In gilashin waje ya fashe fitilar na ci, a kashe ta, don tana ƙona ido. Allah ya ba da kasuwa.