Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Ran 4 ga watan Yuni, 1996, masana na ƙasashen Turai suka hallara a Kuru, cikin Giyana ta Faransa a Kudancin Amurka, domin su ga tashin sabuwar rokarsu mai suna Ariane 5. Tana ɗauke da taurarin ɗan'adam guda 4 na binciken kimiyya. Ta tashi lafiya lau, amma cikin kamar sakan 40 sai ta karkace, ta tarwatse a sama. Dukiya mai ɗimbin yawa da wahalar shekara da shekaru suka zama toka. An yi arziki ba mutum a ciki.

Da kwamitin bincike ya zauna, sai ya tarar ashe ba inji ne ya lalace ba. Laifin na manhaja ne, watau jerin umarnin da akan rubuta wa kwamfuta ta bi. Manhajar da ke auna inda roka ta dosa an ɗauko ta ne daga Ariane 4, wadda ta daɗe tana aiki da ita ba tangarɗa. A cikinta akwai wani gurbin ajiye lissafi wanda ba ya ɗaukar adadin da ya wuce 32,767. Mudun nan ya ishi tsohuwar roka. Sabuwar kuwa ta fi ta saurin ratsawa gefe, sai lissafi ya cika mudu ya zube, na'urar ta tsaya cik. Akwai ta biyu da aka tanada don ko-ta-kwana, amma manhajarsu ɗaya, saboda haka ciwo ɗaya ya kayar da su. Babbar kwamfuta ta ɗauki saƙon kuskure a matsayin labarin hanya, ta juya rokar da ƙarfi har ta karye.

Abin takaici, ba a gwada na'urar nan da lissafin hanyar da Ariane 5 za ta bi ba. An dogara ga cewa abin da ya yi jiya zai yi yau.

To, jama'a, ga ƙa'idojin gwajin manhaja da labarin nan ya bayyana. Na farko, gwaji yakan nuna akwai kuskure, amma ba ya tabbatar da cewa babu shi, kamar yadda masanin nan na ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya daɗe da yin gargaɗi. Na biyu, ba mai iya gwada kowane adadi ɗaya bayan ɗaya, don haka mai hankali yakan matsa wa iyakoki, watau mafi girma da mafi ƙanƙanta, inda kuskure ya fi maƙewa. Na uku, a gwada abu cikin halin da zai yi aiki. Jakin da ya saba da mangalar yashi ba a aza masa kayan raƙumi don kawai bai taɓa durƙusawa ba. Na huɗu, a fara gwaji tun da wuri, gama kuskuren da aka kama a takarda gyaransa alƙalami ne.

Yau kuɗinmu a banki, da na'urorin asibiti, da jiragen da alhazai ke shiga, duk manhaja ke tafiyar da su. Wanda ya ɗauki gwaji ɓata lokaci ne ya tuna da Kuru. Rigakafi dai ya fi magani.