Daga Farisa zuwa Ƙasar Hausa: Yadda Sunan Majusawa Ya Koma Maguzawa

Suna linzami ne, in ji Hausawa. Duk ɗan kasuwar Agiye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji da ya taɓa ƙetare iyaka zuwa Katsina ko Kano, ya ji ana kiran manoman da suka riƙe al'adun kakanni da sunan Maguzawa, su ne mu a nan muke ce wa Azna ko Anna. Amma kaɗan ne suka san cewa wannan kalma baƙuwa ce, daga Farisa ta taso, watau Iran ta yau, kuma asalinta sunan mabiya wani tsohon addini ne da ya yi kusan shekara 3,000 a duniya. Bin sawunta zai nuna mana yadda malaman da suka yi amfani da suna guda suka tsare rayuka da dukiyoyin maƙwabtansu.

Su wane ne Majusawa?

Wanda ya kafa addinin shi ne Zaradashtu. Masana sun saɓa kan zamaninsa, amma akasarinsu na sanya shi tsakanin shekara ta 1500 da ta 1000 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), a gabashin ƙasashen Farisawa. Ya bar waƙoƙin ibada 17 da ake kira Gata, waɗanda ke cikin littafin addinin mai suna Abesta. Koyarwarsa ita ce akwai Mahalicci mai hikima, Ahura Mazda, tushen haske da gaskiya, akwai kuma ruhin ɓarna, Ahriman, tushen ƙarya da duhu. Duniya fagen dagarsu ce, kuma kowane ɗan Adam na da zaɓin ɓangaren da zai bi, ta hanyar tunaninsa, da maganarsa, da aikinsa. Bayan mutuwa rai zai bi ta kan wata gada, wadda ke buɗewa ga mai gaskiya, ta ƙuntata ga maƙaryaci har ya faɗa. A ƙarshen zamani kuwa, in ji su, gaskiya za ta yi rinjaye, a ta da matattu, a sabunta duniya.

Suna ibada sau 5 a yini. Yaro ko yarinya in sun yi wayo, akan sa musu farar riga, a ɗaura musu igiyar ulu mai zare 72 a ƙugu, wadda za su riƙa kwancewa suna ɗaurawa lokacin addu'a har ƙarshen ransu. Wuta kuwa ita ta sa aka yi musu laƙabin masu bautar wuta, laƙabin da su kansu ba su yarda da shi ba. A wurinsu wuta alama ce ta tsarki da hasken Mahalicci, ita suke fuskanta in za su yi addu'a. Wutar da ta fi daraja akan haɗa ta ne daga wuta iri 16, har da ta maƙeri, da ta mai gasa burodi, da wadda aradu ta kunna, kuma ba a barinta ta mutu. Ɗakunan irin wannan wuta 9 ne kacal a duniya: 8 a Indiya, 1 a birnin Yazad na Iran.

Addinin ya yi zamani da manyan dauloli. Sarki Dariyus ya sa an sassaƙa sunan Ahura Mazda a jikin dutsen Behistun, sannan a daular Sasaniyawa, daga shekara ta 224 zuwa ta 651 Miladiyya, ya zama addinin gwamnati. Limamansu ana kiran su magu. Daga nan Girkawa suka ari kalmar, har ta haifi magie a Faransanci, Larabawa kuma suka ce Majusu.

Matsayinsu a shari'a

Sau ɗaya Alƙur'ani mai girma ya ambaci Majusu, a aya ta 17 ta Suratul Hajji, a jere da Yahudawa, da Sabi'awa, da Nasara. Sahabi Salmanul Farisi ma cikinsu aka haife shi, har ya yi tsaron wuta kafin ya fita neman gaskiya. Da Musulmi suka ci Farisa, bayan yaƙin Ƙadisiyya da na Nahawand a shekara ta 642, sai tambaya ta taso: yaya za a yi da al'umma mai yawa haka wadda ba ta cikin Yahudawa ko Nasara? An ruwaito cewa Halifa Umaru ya dakata da karɓar jiziya daga gare su, sai da Abdurrahman ɗan Aufu ya ba da shaida cewa Annabi (S.A.W.) ya karɓe ta daga Majusawan Hajar. Daga nan hukunci ya zauna: za su biya jiziya, a tsare jininsu da dukiyarsu, su ci gaba da addininsu, sai dai ba a cin yankansu, ba a auren matansu.

Mazhabar Malikiyya, wadda muke bi a nan, ta faɗaɗa wannan ƙofa, ta yarda a karɓi jiziya ko daga waɗanda ba su da littafi. Saboda haka a Magrib da Andalus sunan Majusu ya wuce Farisawa, ya zama sunan da ake ba wasu al'ummu marasa littafi. Har maharan teku na arewacin Turai, da suka faɗa wa birnin Ishbiliya a shekara ta 844, da wannan suna marubutan Larabawa suka kira su.

Saukar sunan a ƙasar Hausa

Littattafan Malikiyya, irin su Muwaɗɗa, da Risala, da Muhtasar, sun ƙetaro hamada tare da malamai da fatake, kalmar kuma ta biyo su. Masana da dama na ganin Majusu ce harshen Bahaushe ya sarrafa ta koma Bamaguje da Maguzawa. Akwai dai labarin baka da ke cewa daga gudu sunan ya fito, wai wani mai suna Bama ne ya guje wa zakka, aka ce Bama ya guje. Labari ne mai daɗin ji, amma bayanin farko ya fi dacewa da abin da ya faru a tarihi: a daular Sakkwato, bayan jihadin 1804, Maguzawan ƙasar Kano da Katsina sun zauna a gonakinsu a matsayin masu amana, suna biyan jiziya.

A lura fa, Bamaguje ba shi da dangantaka ta jini ko ta aƙida da Bafarishe. Baturen Amurka Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano ya fitar da littafinsa a 1946, da Bafaranshe Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a ƙasar Maraɗi, duk sun bayyana mutane ne da suka san Allah shi ne Mahalicci, amma suke kai bukatunsu ga iskoki irin su Kure, da Doguwa, da Uwar Gona, da yankan zakara ko akuya. Ba su da ɗakin wuta, ba su da littafi, ba su da igiyar ƙugu. Sunan riga ce ta shari'a da malamai suka yafa musu, don a sami hujjar zama da su lafiya.

A ɓangarenmu zaman ya bi wata hanya dabam. Sarakunan Katsina da suka kafa mulki a Maraɗi wajen 1819, da Gobirawan da suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Musulmi ne da ba su bi Sakkwato ba. Sun bar wa Azna sarautunsu na noma, da farauta, da ƙira, da ruwa, sun kuma ajiye a fada sarautar Iya a Maraɗi da ta Inna a Tibiri, masu kula da sha'anin bori. Can shari'a ta tsare mai al'ada, nan sarauta ta tsare shi.

Majusawan yau

Su kuwa masu sunan na asali, yawansu ya ragu ƙwarai. Tsakanin ƙarni na 8 da na 10 wasunsu sun yi hijira ta teku zuwa Gujarat a Indiya, inda ake kiran su Farsi. Suna ba da labari cewa sarkin wurin ya aiko musu ƙwarya cike fal da madara, alamar ƙasa ta cika, sai limaminsu ya zuba sukari a ciki, madara ta yi zaƙi ba ta zube ba. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta sami Farsi 57,264, ta Iran a wannan shekara ta sami mabiya addinin 25,271, kuma suna da kujera 1 a majalisar dokokin Iran. Duk da ƙarancinsu sun yi suna a kasuwanci: iyalin Tata, masu motocin nan da direbobinmu suka sani, Farsi ne.

Al'adunsu ma zamani ya taɓa su. Da yake ba su son ƙazantar da ƙasa ko wuta da gawa, bisa hasumiya suke ajiye mamaci ungulu su cinye. An daina haka a Iran wajen shekarun 1970. A Indiya kuwa ungulu ne suka kusa ƙarewa tun daga shekarun 1990, saboda wani maganin dabbobi da suke ci a mushe, wanda gwamnati ta hana a 2006. Bikinsu na sabuwar shekara, Nauruz, shi ne ya bunƙasa, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa ranar 21 ga Maris tun daga 2010.

A yau Azna sun yi kaɗan a ƙauyukanmu, kalmar arne kuma ta koma zagi a bakin yara. A tarzomar Maraɗi ta Nuwamba 2000, ko gidan Iya bai tsira ba. Ya kamata alƙali, da mai gari, da ma'aikacin gwamnati, da mai tebur a kasuwa su tuna cewa malaman da suka fi mu sanin littattafai sun je har Farisa sun aro suna, don kada a zubar da jinin maƙwabci ko a ci dukiyarsa. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.