Kujerar Kano ta Tsakiya: wadda ba a maimaitawa a jere

Yau mazaɓar sanatan Kano ta Tsakiya za mu leƙa, mai ƙananan hukumomi 15, da na cikin birni irin su Dala, Fagge da Nasarawa, da na waje irin su Kura da Madobi.

Ku lura da wani abu: tun 1999 babu sanatan da ya yi zango biyu a jere a kujerar nan. Ibrahim Kura Mohammed ya fara a PDP. A 2003 Rufa'i Hanga ya karɓa a ANPP, 2007 Mohammed Bello, shi ma ANPP. Sai Bashir Lado na PDP a 2011, Kwankwaso a 2015, Shekarau a 2019, dukansu biyun a APC.

To ku jera waɗannan jam'iyyu kusa da na gwamnonin Kano. Iri ɗaya ne sak! Duk wadda ta ci gwamna ita ke ɗaukar kujerar. A ganina, guguwar jiha ake bi a nan, ba a cika auna aikin sanatan shi kaɗai ba.

Na 2023 kuwa sai da aka je kotu. Shekarau ya bar NNPP ya koma PDP tun kafin zaɓe, amma sunansa ya zauna a takardun INEC, har aka ce shi ya ci. Kotun Ƙoli ta ce Hanga ne ɗan takarar NNPP, shi ya sa ya dawo majalisa bayan shekara 16.