Fulorin Daban, Fulorayid Daban

Makon jiya gwaggona a Narayi ta kwashe man goge bakin gidan kaf ta watsa a shara. Wai ta ji wani saƙon murya a WhatsApp cewa akwai "gubar fulorin" a ciki. Na ce, "To Gwaggo, sai ki haɗa da gishirin miya." Harara na sha.

Amma ba wasa nake ba. Gishiri haɗin sodiyam ne da kulorin, kulorin kuwa iskar guba ce da aka kashe sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Farko. A cikin gishiri ta riga ta zama kulorayid, shi ya sa muke ci lafiya lau.

Haka fulorin take. Ita ce ta 9 a jadawalin sinadarai, iska ce mai launin ɗorawa-ɗorawa, kusan duk abin da ta taɓa sai ta cinye shi. Masana sun jigata kafin Bafaranshe Henri Moissan ya iya ware ta a 1886. Masifar tata yunwa ce kawai: ilektiron bakwai gare ta a zagayen waje, tana neman na takwas ido rufe. Da ta samu sai ta lafa, ta zama fulorayid. Shi ne a man goge baki, yana ƙarfafa ɓawon haƙori don kada ya ruɓe.

Sai dai shi ma yana da iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwan sha. In ya zarce haka shekara da shekaru, haƙoran yara su yi dabbare-dabbare, in ya yi yawa sosai har ƙashi yake lanƙwasawa. Hakan ta faru a Tibiri, kusa da Maraɗi, inda yara da dama suka nakasa saboda ruwan rijiyar burtsatsen garinsu. A Langtang ta Jihar Filato ma an san ruwan ƙasa da yawan fulorayid. Daga duwatsu yake narkowa, ba wani ne ya zuba ba.

Ni abin da ya fi damuna ke nan, ba man goge baki ba. A unguwarmu burtsatse da mai ruwa muka dogara da su, kuma fulorayid ba ya sauya wa ruwa kala. Tafasawa ma ba ta fitar da shi, sai an kai ɗakin gwaji ake ganewa.

Gwaggo dai ta sayo wani man. Ta ba ni gorar ruwan burtsatsenmu, wai tunda na iya surutu, in kai a auna.